Kiran Hamma

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Rashida ce ta ba ni wannan littafi. Na lissafi ne, ta rubuta shafi kaɗan ta bari, ta ce ita da lissafi sai a lahira. Rabona da biro tun bara da muka gama aji shida a Adabka, shi ya sa rubutun ya karkace.

Sunana Hure. Yanzu muna Gummi, gidan Kawu Namadi, yayan Inna. Rashida ɗiyarsa ce. Ni da Inna da ƙanwata Nusaiba muna kwana a ɗakin da Kawu yake ajiye buhunan shinkafa.

Inna tana takaba. Ba ta fita, ba ta sa kwalli, ba ta ɗaga murya. Wayar Baba kullum tana cinyarta.

Ba zan rubuta abin da ya faru a rugarmu ba. Da safe ne, ana tatsa. Baba mun bar shi can gindin tsamiya, shi da wasu. Shanu sun tafi, Hamma ya tafi tare da su.

Hamma yayana ne, ɗan farin Inna, shi ke kiwo. Sunansa Sa'idu. Ni Hamma nake ce masa. Inna kuwa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinta ba, don a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. In za ta yi maganarsa sai ta ce yaron Inno, saboda kakarmu Inno ce ta yaye shi. In za ta ba shi abinci sai ta ce da ni, kai wa wancan.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Nusaiba ta ƙi kunu. Matar Kawu ta sayo mata nonon kasuwa, ta kurɓa ta tofar, ta ce ba na saniyarmu Saye ba ne. Shekararta uku amma ta sani.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Na je famfo da Rashida. Wata mata ta tambaya wace ce ni, wata ta ce ai 'yar gudun hijira ce. Ta ukun ta ce a'a, ɗiyar Hillani ce, ta faɗe shi tana kallon bokitina kamar na sato shi. Rashida ta ce sunanta Hure, kuma mu munka riga ku zuwa, ku matsa. Ni ban ce komai ba.

A makaranta ma haka nake. In malam ya kira Hurera Lirwanu sai ya maimaita kafin ya ji na amsa. Hamma yana cewa muryata sai an kai kunne kamar tafasar tukunya.

Da muke dawowa na ji matar nan ta ukun tana ce wa ta kusa da ita, ai shanu ba su bin baƙo haka kawai, sai da wanda suka sani a gaba.

Akwai abin da na ji ranar nan ina kwance cikin kwazazzabo da Nusaiba a ƙirjina. Ban faɗa wa kowa ba. Nan ma ba zan rubuta ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Wayar Baba ta yi ƙara. Inna ta miƙe tsaye, wayar ta faɗi, murfin ya fita. Na haɗa ta. Ta sake ƙara. Inna ta danna ta kai kunne, ba ta yi sallama ba, numfashi kawai take yi.

Muryar kamfanin waya ce, tana tallar waƙa.

Inna ta saurara har ta ƙare.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Babu labari.

Talata, 13 ga Mayu, da azahar

Ina wanke kwanoni bayan ɗaki na ji matar Kawu da Kawu. Ba faɗa suke ba. Cewa take shinkafar da ta rage ba ta kai su kaka, ga baki uku sun ƙaru. Ta ce akwai wata hajiya a Gusau da ke neman yarinya mai hankali wadda ba ta da surutu. Ta ce Nusaiba kuma dangin ubanta su ɗauka, Inna in ta gama takaba Allah ya kawo wani.

Kawu ya ce a bari tukuna. Bai ce a'a ba.

Na wanke kwano ɗaya har hannuna ya yi fari.

Laraba, 14 ga Mayu, da magariba

Kawu ya shigo bai ko kafe babur daidai ba. Ya ce an faɗa a rediyo an ƙwato shanu da yawa a daji, an kai su karar Anka, duk wanda aka kore wa ya je ya duba.

Inna ta ce, shanu kaɗai?

Kawu ya ce shanu kaɗai aka faɗa.

Asabar, 17 ga Mayu, da la'asar

Kawu ya je Anka jiya, yau ya dawo. Ya zauna bakin ƙofar ɗakinmu, Inna tana ciki ta juya baya, ya ba da labari.

Shanun sun fi ƙarfin ido, duk sun rame. Ya ce ya ga wata mai launin ƙasa-ƙasa, ƙahonta na hagu ya gutsure. Na ce Saye ce, ban san na faɗa da ƙarfi ba. Ni ce na riƙe ta ranar da ƙahon ya gutsure a bakin rijiya.

Amma mutanen da suka kore su sun sake tsaga kunnuwan shanun duka. Tsagar gidanmu, biyu a dama ɗaya a hagu, babu ita. Babu ta kowa. Kuma wani dillali Alhaji Halliru ya ce mai gutsurarren ƙahon tasa ce, da waɗanda ke bin ta, har ya kawo shaidu. Kawu ya ce shi ma Alhajin an kore masa garke da gaske, ba ƙarya yake ba a nan, sai dai in mutum ya rasa nasa kowace saniya kama take yi masa da tasa.

Tun da babu shaidar kunne, dattawa sun yanke za a yi kira. Za a ja igiya a ƙasa, mai cewa tasa ce ya tsaya bayan igiya ya kira. In saniya ta zo, tasa ce. Ranar Alhamis ta sama da mai zuwa. Abin da ba a kira ba za a sayar kafin Layya.

Kawu ɗan gari ne, shinkafa yake sayarwa, shanunmu ba su san shi ba. Ya ce Inna ta shirya, ya tambayi malamin unguwa, an ce lalura ce, mai takaba tana iya fita.

Inna ta ce, "Ban hita."

Ya yi magana, ya yi magana. Ta ce ba ta tsallake zaure sai ta cika wa Baba kwanakinsa, kuma in yaron Inno ya zo, ko aka bugo, ya iske ta inda aka ce masa tana nan.

Sai Kawu ya juyo ya dube ni.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

Ban ci komai ba.

Shanun nan su ne duk abin da Baba ya bari. In sun dawo akwai nono, akwai abin sayarwa a kama ɗaki, ba mai zuwa Gusau. Kawu bai faɗa haka ba amma na sani, shi ma ya san na sani.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Kowa ya ce kiran Hamma zan koya, don shi shanun suka sani. Karar tana da faɗi, ga mutane, ga babura, sai kira mai tafiya.

Ga yadda yake yi. Yana sa hannu ɗaya bayan kunne, ya ɗaga kai, ya ce hoooi, ya ja shi har sai ka ɗauka numfashinsa ya ƙare, sannan ya ce Saye, war, war. Da Hillanci ke nan, zo, zo. In Saye ta taso sauran sai su biyo ta. Daga bayan tudu ake jin sa. Inna tana jin haka take ɗora tukunya, ba ta ko ɗaga kai.

Ni aikina tatsa ne tare da Inna, da ɗaure maruƙa. Ban taɓa kiran garke ba.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Rashida ta kai ni bakin gulbi, can ƙasa da inda ake wanki. Na sa hannu bayan kunne, na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Na sake. Rashida ta ce wallahi akwai ɗan tsako bayana yana tonon ƙasa, ko shi bai ɗago ba. Ta ce in ɗauka matar famfon nan ce ta tsere da bokitina. Na yi dariya, daga dariyar sai kuka. Ta zauna kusa da ni tana jifan ruwa da tsakuwa har na gama.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Ya fito kaɗan. Wasu masunta cikin kwalekwale suka amsa mini da kukan saniya, ɗayansu har da yin ƙaho da yatsu. Na rufe fuska da gyale. Rashida ta ce da su to madalla, tun da sun amsa sun zama namu, su fito a ɗaure su a turke. Tsohon da ke tuƙi ya ce da ni, ɗiyata, daga ciki ake ɗauko shi, ba daga hanci ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan azahar

Ina gwadawa a hankali bayan ɗaki, sai na ji Inna daga ciki.

"Ba haka yaron Inno ke yi ba. Kina yanke shi da wuri. Shi in ya ja, ƙarshen yana hawa sama, sannan ya sake shi."

Na tsaya. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce saura kaɗan, tsakanin war da war yana haɗiye yawu.

Ni da nake ganin ba ta ko kallonsa. In ya shigo da rauni a ƙafa ni take turawa da man shanu. Ashe har inda yake haɗiye yawu ta sani.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

An yi ruwan farko. Warin ƙasa irin na rugarmu. Na fita daga ɗakin don kada in ga fuskar Inna.

Asabar, 24 ga Mayu, da la'asar

Duk lokacin da kiran ya fito daidai sai jikina ya yi sanyi. Rashida tana tafi, tana cewa yau ko shanun Sakkwato sun ji. Ni kuma ina jin ƙasar kwazazzabo a bakina.

Ba zan rubuta ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da hantsi

An tare hanyar Anka jiya. Motoci sun juyo. Matar Kawu ta ce ba za a kai ɗiyar mutane a saka a bakin wuta saboda dabbobi ba. Na yi mamaki, har da hawayenta. Kawu ya ce za mu bi ayarin da ake rakawa, ranar Laraba, mu kwana gidan abokinsa.

Wani abu a raina ya so a ce an fasa. Na ji kunyar kaina.

Rashida ta ji a kasuwa wasu suna shafa gishiri a hannu, wasu su ɓoye kanwa a aljihu, saniya mai yunwa kowa za ta bi. Ta ce mu ma mu yi. Kawu ya ce in ta sake faɗa zai cire mata kunne ya tsaga irin na shanun.

Talata, 27 ga Mayu, da magariba

Inna ta kira ni. Ta jawo ƙwaryar tatsa daga bayan buhu. Ita ce a hannunta ranar nan, da ita ta gudu, har muka iso Gummi ba ta san tana riƙe da ita ba. Ita kaɗai muka fito da ita.

Ta ce in tafi da ita in sha ruwa a hanya. Na ce akwai gora. Ta ce ki tahi da ita.

Sai ta ce in yi kiran sau ɗaya ta ji, da ƙarfi, nan tsakar gida. Na yi. Matar Kawu ta saki ludayi. Inna ta rufe ido, ta ce shi ne.

Laraba, 28 ga Mayu, da la'asar, Anka

Mun iso. A mota ba mai magana, sai wata tsohuwa da ke jan carbi. Da muka zo kwanar da ake bi zuwa Bukkuyum, hanyar rugarmu, na sa kaina cikin gyale har muka wuce.

Daga gidan da muka sauka ana jin kukan shanu.

Alhamis, 29 ga Mayu, da asuba

Ya Allah ka buɗe mini baki.

Juma'a, 30 ga Mayu, da hantsi, Anka

Jiya ban iya riƙe biro ba. Zan rubuta duka yadda ya faru, in ban rubuta ba zai zauna mini a wuya.

Karar cike take, maza zalla, sai masu sayar da fura can gefe. An kewaye shanun da shingen itace. Akwai masu kaki a ƙarƙashin wata bishiya. Wanda ke hukunci wani tsoho ne makiyayi, Modibbo ake ce masa, ido ɗaya ya yi fari, yana zaune kan turmi kusa da igiyar. Duk wanda zai kira sai ya wanke hannu a bokiti, a zazzage aljihunsa. Wani an sami kanwa cikin hularsa. Modibbo ya ce a ba shi ita ya lasa tun da shi ne mai bukata. Aka yi ta dariya, ni ban iya ba.

Wasu sun kira, shanunsu sun zo. Wani babban mutum da saniyarsa ta zo ya rungume wuyanta yana kuka a gaban kowa. Wasu sun kira har muryarsu ta dishe, ba abin da ya motsa.

Na ga Saye tun kafin a zo kanmu. Ƙashin bayanta ya fito kamar an rataya fata a kan itace. Kunnuwanta duk a yayyage, ƙudaje a kai. Nyawe tana bayanta, da Wule, su ma shanunmu ne. Ɗan maraƙinta babu.

Aka ware su gefe ɗaya, su da wasu da ke bin su. Alhaji Halliru ya fara, makiyayinsa ne ya kira masa. Ya yi fito, ya kira wani suna. Saye ta ɗago kai. Ta yi taku kamar za ta zo. Na ji Kawu ya daina numfashi. Sai ta sunkuya tana shinshina ƙasa. Alhaji ya ce ai kowa ya gani ta taso. Modibbo ya ce tasowa daban, zuwa daban.

Aka ce ina mai kiran gidan marigayi Lirwanu. Kawu ya tura ni gaba. Na ji ana cewa yarinya ce, wani ya ce wagga ko akuya ba ta kira. Na wanke hannu.

Na sa hannu bayan kunne. Na ɗauko shi daga ciki. Ya fito, ya hau sama a ƙarshe, na haɗiye yawu inda yake haɗiyewa. Ban taɓa yin sa daidai kamar jiya ba. Karar ta yi tsit.

Saye ta zabura kamar an ɗana mata wuta. Ta juya da gudu, sauran suka bi ta, suka cure can ƙarshen shinge suna hawan juna. Wule ta faɗi a gwiwa. Saye tana dukan itacen da gutsurarren ƙahonta tana neman hanya.

Alhaji Halliru ya ce to, jama'a kun gani, saniya ba ta gudun mai ita.

Yanzu zan rubuta. Ranar nan, ina cikin kwazazzabo na toshe bakin Nusaiba, bayan ƙarar bindiga ta lafa, shanu sun watse cikin daji. Sai na ji Hamma yana kira. Muryarsa tana karyewa, wani yana yi masa tsawa, ya sake, ya sake. Na ji shanun suna taruwa. Sun zo don shi ne ya kira. Daga nan aka kora su da duka, ina jin kiran yana nisa. Sa shi aka yi. Na san sa shi aka yi, na ji yadda yake kuka a cikin kiran. Amma in na faɗa, matar famfo za ta ce ai ta faɗa.

A gaban igiyar nan na gane sauran. Tun daga ranar, duk inda aka yi wannan kira, abin da ke biyo baya sanda ne da gudu da ƙishirwa. Mu muna Gummi muna gyara shi, su kuma sun koyi tsoronsa.

Na tsaya kawai. Kawu yana cewa in sake, in ƙara ƙarfi. Na girgiza kai. Na ga Gusau a idona.

Modibbo ya yafuto ni. Na durƙusa gabansa. Ya ce, "Wanga kira na wa ne?"

Na ce na yayana.

Ya ce, "Ke ba ki da naki?"

Na ce nawa ba a ji. Sai da ya kawo kunne na maimaita. Na ce na tatsa ne, kuma da ƙwarya ake yi. Ya karɓi ƙwaryar daga hannun Kawu, ya shinshina, ya lashi yatsa ya goga a ciki ya ɗanɗana, ya miƙa wa Alhaji shi ma ya duba. Sannan ya ɗaga sandarsa ya ce a kashe babura, wanda ya yi tari a fitar da shi.

Na tsuguna bayan igiya yadda nake tsugunawa da safe, na sa ƙwaryar tsakanin gwiwoyina. Na rufe fuskata da gyale ta gefen mutane don kada in gan su. Na ƙwanƙwasa gindin ƙwaryar da farce. Na yi ƙyas ƙyas da harshe. Na ce Saye am, Sayena, yadda nake ce mata in tana hana nono. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma.

Ba abin da ya faru. Na ci gaba. Gwiwata ta fara ciwo. Wani ya yi tsaki, Modibbo ya buga sanda.

Kunnenta ne ya fara juyowa. Sannan kai. Ta daɗe tana kallo. Ta taho a hankali, tana tsayawa, tana hura hanci, ta sake tahowa. Ni dai ina ƙwanƙwasawa. Ta tsallake igiyar, ta shinshina ƙwaryar, ta shinshina kaina. Sai ta juya mini gefenta na dama, ta ja ƙafar baya ta tsaya, yadda take tsayawa a tatse ta.

Babu ko ɗigo a hantsarta. Na kama duk da haka, na jingina goshina a cikinta.

Da na ɗago, Nyawe da Wule suna tsaye, da karsana biyu, da ɗan bijimin da Baba yake cewa na auren Hamma ne. Shida. Daga garke guda.

Alhaji Halliru ya daɗe yana kallo. Ya ce Allah ya sa albarka, ya juya. Na ji tausayinsa, nasa ko ɗaya bai gani ba.

Muna ɗaure su sai ɗaya daga masu kakin ya zo, wani siriri mai tabo a haɓa. Ya ja Kawu gefe amma ina ji. Ya tambaya kiran farkon nan na wa ne. Mutumin ya ce ranar da suka ƙwato shanun, bayan waɗancan sun gudu cikin duwatsu, an yi ta wannan kira daga can sama, murya a dishe, har rana ta yi tsaka. Ko saniya ɗaya ba ta juya ba. Ya ce ya daɗe yana jin sa a kunne.

Kawu ya ce yaro ne, kama shi aka yi. Mutumin ya dube ni, ya ce shi bai tambayi komai ba, kuma bai ji komai ba yau. Ya ce kada in ƙara yin wannan kiran a cikin mutane.

A hanya Kawu ya ce kada in gaya wa Inna. Ya ce ba mu san ko yana nan har yanzu ba, kuma magana in ta fita ba a san inda za ta tsaya ba.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan magariba, Gummi

Mun dawo da motar shanu. Unguwa ta fito kallo. Rashida tana gaba tana ce wa kowa ita ta koya mini. Matar Kawu ta jiƙa dusa tun kafin a sauke su. Ba wanda ya ambaci Gusau.

Tun da Inna ba ta fita, Kawu ya shigo da Saye har tsakar gida. Nusaiba ta ruga ta rungume ƙafarta. Inna ta fito bakin ɗaki, ta shafa kunnuwan a hankali, tana bin tsagar da yatsa tana neman tamu a ciki.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Da kiran yaron Inno sunka zo?"

Kawu yana bakin zaure yana kallona.

Na ce a'a. Na ce sun guje shi, na faɗa mata dalili. Na faɗa mata abin da na ji a kwazazzabo. Na faɗa mata abin da mai tabo ya ce, duwatsun, da muryar da ta dishe, da ranar da aka ji ta. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba. Kawu ya sunkuyar da kai, bai hana ni ba.

Inna ta ce, ranar da aka ƙwato su? Na ce ranar. Ta ce wannan watan ke nan. Na ce wannan watan.

Ta koma ɗaki. Na ɗauka kwanciya za ta yi. Sai ta fito da kwanoni, ta karɓi tuwo wurin matar Kawu ta raba da kanta, nawa, na Nusaiba, nata, da wani. Ta ɗauki na huɗun. Na miƙa hannu don na saba, kai wa wancan. Ba ta ba ni ba.

Ta taka har bakin zaure ta ciki, inda takabarta ta tsaya. Ta fuskanci gabas. Ba ta ɗaga murya sosai ba, kamar dai yana bayan ɗaki yana wanke ƙafa.

"Sa'idu."

Kowa ya tsaya da abin da ke hannunsa.

"Sa'idu, abinci."

Ta jira. Muka jira tare da ita. Sannan ta dawo, ta rufe kwanon da faifai, ta ajiye shi kusa da wayar.